Harafin X da Hoton Ƙashi: Amsa ga Malamar Ƙananan Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. A jikin kwalin haruffan Turanci da aka ba mu, an zana hoton ƙasusuwan hannu kusa da harafin X, amma yaran suna rera shi ne kawai ba tare da sun san me suke gani ba. Ba mu da wutar lantarki, ba mu kuma da kayan wasa na kanti. Yaya zan koyar da wannan harafi har ya zauna musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Wahalar da kika gani tana da dalili, domin X baƙo ne a wurin ɗan Bahaushe: babu shi a rubutun boko na Hausa, kamar yadda babu Q da V, saboda haka yaro ba shi da wata kalmar gida da zai rataya shi a kanta. Abin da yake da shi kuwa shi ne hannunsa, kuma daga nan nake ba ki shawara ki fara.

Ki sa kowane yaro ya matsa yatsunsa da bayan hannunsa har ya ji abu mai tauri a ƙarƙashin fata, sannan ki tambaye su wa ya taɓa ganin wanda ya karye aka kai shi wurin mai ɗori, ko aka ce a je asibiti a ɗauki hoto. Da wuya a rasa mai labari a cikinsu. Daga nan sai ki gaya musu cewa akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa tsoka amma ƙashi yana tare mafi yawansa, shi ya sa ƙashi yake fitowa fari a hoton. Wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a 1895, kuma da yake bai san ko mene ne ba, sai ya kira shi X, harafin da masu lissafi ke ba abin da ba a sani ba; shi ya sa ake ce wa hoton ƙashi X-ray da Turanci, aka kuma zana shi kusa da X a kwalinku. Cikin hotunansa na farko akwai hannun matarsa da zobe a yatsarta, kuma na lura yara suna son wannan ɓangaren labarin ƙwarai.

Aikin hannun ba ya bukatar kuɗi, musamman bayan girbi da kara yake ko'ina. Ki shafe kwali da garin gawayi da aka dama da ƙaro, ki bar shi ya bushe, yaro ya ɗora tafinsa ki zagaye shi da alli. Sai ku yanka sillen kara gunduwa-gunduwa ku manna a matsayin ƙasusuwa: uku a kowace yatsa, biyu a babban yatsa, jimilla 14 ke nan cikin ƙasusuwa 27 da ke hannun mutum tun daga wuyan hannu. Kin ga ƙidaya ta shigo ba tare da an kira ta ba. A ƙasan hoton, yaro ya giciye kara biyu masu tsawo ɗaya ya manna, ga X ya fito da hannunsa. Bayan haka su zana shi da yatsa a cikin rairayi, su kuma giciye hannuwansu a ƙirji suna faɗin sunansa. Ki sa ido kada ƙananan su kai gutsattsarin kara baki ko hanci.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada baƙon harafi ya sa a manta da na gida. Kalmar ƙashi da ƙ mai lanƙwasa take farawa, kuma duk Bahaushe ya san irin ɓarnar ma'ana da ke faruwa idan aka rubuta ta da k maras lanƙwasa. Saboda haka a wannan kwali ɗaya, su gina ƙ da kara, su yi lanƙwasarta da zare ko laka, ki riƙa faɗin ƙashi, ƙafa, ƙofa, suna saurarar yadda sautin ke fita daga maƙogwaro.

Idan wani daga cikin iyaye yana da tsohon hoton asibiti kuma ya yarda ya ba da aronsa, ki rufe sunan mai shi, ki ɗaga shi a bakin taga yaran su gani. Haska tocila a bayan yatsu ma yana burge su, sai dai ki faɗa musu gaskiya cewa jan da suke gani hasken tocila ne da ya ratsa tsoka da jini, ba ya nuna ƙashi, kuma hoton ƙashi na ainihi ma'aikatan asibiti ne kaɗai ke ɗauka idan likita ya ga bukatarsa.