Ku Tambayi Malam: Su Wa Suka Zaɓi Ilhan Omar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a unguwar Zongo, nan Damagaram. A fadarmu gardama ta ƙi ƙarewa a kan matar nan mai ɗankwali da ke majalisar Amurka, Ilhan Omar. Wasu sun ce Somaliyawa ne suka cika garin da take wakilta, shi ya sa ba mai iya kayar da ita. Ni na ce ba haka ba ne, amma ba ni da hujja. Don Allah a raba mana gardama, a kuma faɗa mana yadda suke rabon kujerun depite a can.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana tela. Kai ne da gaskiya, ko da yake abokan naka ma ba su rasa ƴar madafa ba.

Bari in fara da rabon kujeru, don a nan muke rikicewa. Mu abin da muka saba, kafin sojoji su rushe majalisa a 2023, jiha guda ita ce mazaɓa. Jam'iyya ta kawo jerin ƴan takararta, ka jefa mata ƙuri'a, a raba kujerun jihar gwargwadon abin da kowace ta samu, ban da mazaɓu na musamman irin Tesker. Shi ya sa da wuya mutumin Garin Malam ya nuna mutum ɗaya ya ce ga depiten unguwarsu. A Amurka majalisar wakilai kujera 435 gare ta, ana sake zaɓe duk shekara biyu. Duk shekara goma a yi ƙidaya, a raba kujerun tsakanin jihohi 50, kowace jiha ta yanka ƙasarta mazaɓa-mazaɓa, yawan jama'a kusan ɗaya, wakili ɗaya tak. Wanda ya fi ƙuri'a shi ke ɗauka, na biyu ya koma gida hannu rabbana.

Ƙidayar 2020 ta bar wa jihar Minesota kujera takwas, kowace da mutum wajen 713,000. Ta takwas ɗin da ƙyar ta tsira: da jihar Niyu Yok ta samu ƙarin mutum 89 kacal, da can kujerar ta koma. Masu ɓoye ƴaƴa a ɗaka ran da ma'aikatan ƙidaya suka yi sallama, da ku nake.

Ilhan mazaɓa ta biyar take wakilta, wato birnin Miniyapolis mai mutum kusan 430,000 da wasu garuruwan da ke manne da shi. To ga abin da za ka kai fada: a wannan mazaɓa kusan shida cikin goma farar fata ne. Baƙar fata gaba ɗaya, da jikokin waɗanda aka kai bauta da baƙin Afirka na yanzu, ba su cika biyu cikin goma ba, kuma Somaliyawa wani yanki ne kawai a cikinsu. A cikin wannan yankin ma sai ka cire yara da waɗanda ba su samu takardar ɗan ƙasa ba, don ƙidaya tana lissafa su amma ba sa zaɓe. Ita kuwa a 2018 ta samu kashi 78 cikin ɗari. Ko ƴan uwanta sun kwana a rumfar zaɓe ba za su haɗa mata wannan ba.

Madafar abokanka ita ce lallai Minesota ta fi kowace jiha a Amurka yawan Somaliyawa. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1991 ya watsa su, ƙungiyoyin coci masu tsugunar da ƴan gudun hijira suka karɓe su, aikin masana'antun nama ya riƙe na farko, na baya suka bi sahu. Unguwar Cedar-Riverside ta Miniyapolis har Ƙaramar Mogadishu ake ce mata, kuma tun 2023 birnin ya yarda a kira salla da lasifika sau biyar a rana. Daga wannan unguwa Ilhan ta fara, a 2016, da kujerar majalisar jiha. Amma ko a nan ba ita kaɗai ce Basomaliya a takarar ba, Mohamud Noor ma ya tsaya, ƙuri'ar ƴan gida ta rabu, sai da ta haɗa da ɗaliban jami'ar Minesota kafin ta kayar da wata dattijiya da ta shekara 44 a kujerar. Kafin ita ma Musulmi ne ke riƙe da mazaɓa ta biyar, Keith Ellison, wanda aka zaɓa a 2006, Musulmi na farko a majalisar tarayya, kuma shi ba Basomali ba ne.

Sirrin yana ga jam'iyya. Tun 1963 kujerar nan ba ta bar hannun ƴan Dimokurat, jam'iyyar Ilhan, ba. Manyan biranen Amurka haka suke: ma'aikatan ƙungiyoyin ƙwadago, ɗalibai, masu haya, baƙar fata da baƙi, yawancinsu nan suke jefawa. Babban zaɓen Nuwamba a irin wannan wuri kamar sallar idi ne bayan an ga wata, kowa ya san abin da zai faru. Kokawar gaske tana zaɓen fid da gwani na watan Agusta, ɗan gida da ɗan gida.

A nan ne maganar "ba mai iya kayar da ita" ta rushe. A Miniyapolis ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata, George Floyd, ranar 25 ga Mayun 2020. Bayan haka aka kawo shawarar a rushe hukumar ƴan sandan birnin a kafa wata sabuwa, Ilhan ta goyi baya, amma a Nuwamban 2021 jama'a suka ƙi, kusan 56 cikin ɗari. Wani baƙar fata, Don Samuels, tsohon kansila daga arewacin birnin inda harbe-harbe suka fi yawa, yana cikin waɗanda suka yaƙi shawarar. A 2022 ya tsaya mata, ta sha da ƙyar, ratar kusan kashi biyu cikin ɗari. Sun sake karawa a 2024, wannan karon ta ba shi rata mai kyau. Ni a ganina 2022 ta fi koyar da mutum siyasar birni: talakan da ɗan sanda ke cuta shi ne kuma ɓarawo ke cuta, kuma ran zaɓe yana tuna duka biyun.

Tattalin arzikinsu kuwa, da niƙan alkama garin ya tashi a bakin kogin Misisifi, yau kuma manyan kamfanoni irin Target da bankuna da asibitoci da jami'a ke ɗauke da shi. Akwai kuɗi, rabon ne bai yi daidai ba. A jihar, kusan uku cikin huɗu na iyalan farar fata gidan kansu suke zaune, na baƙar fata ba su kai ɗaya cikin uku ba. Don haka kuɗin haya da inshorar lafiya da mafi ƙarancin albashi sun fi tashi a taron yaƙin zaɓenta fiye da maganganunta a kan Falasɗinu da ku kuke turawa juna a WhatsApp, waɗanda kuma suna cikin dalilan da ƴan Rifablikan suka cire ta daga kwamitin harkokin waje a Fabrairun 2023.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ƙanena ya ci cacar bizar Amurka, yana can yana tuƙi. Zai iya zaɓen ɗan majalisa? Daga wata uwargida a Birni.

AMSA: Hajiya, barka kadai. A'a, katin zama ba ya ba mutum ƙuri'a a zaɓen tarayya, kuma ki ja masa kunne kada wani ya ruɗe shi ya yi rajista, don laifi ne da ke iya jawo a koro shi. In ya shekara biyar da katin yana iya neman zama ɗan ƙasa, ya yi jarrabawar Turanci da ta tarihin ƙasar. In ya samu zai yi zaɓe, in kuma ya ƙara shekara bakwai a kai, shekarunsa sun kai 25, shi ma yana iya tsayawa takarar.