Filin Tambaya da Amsa: Malamin Injiniya Bayan An Tashi Daga Aji

Wasiƙun wannan karo daga Damagaram suka fito, kuma duk a kan abin da malamin injiniya ke yi da hannunsa ne idan ya ajiye alli. Injiniyoyin da ke kula da filin ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin lantarki ga ɗaliban lisans, wato digiri na farko, a nan Zinder. Da rana aji, da dare gyaran takardu. Ina so in riƙa haɗa wani abu a ƙarshen mako, wanda zan iya kai wa ɗalibai su gani. Na tara tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka guda biyar. Za su yi fitilar sola?
Wani malami, Sabon Gari

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Za su yi, amma ba duka ba, kuma tantancewar ta fi haɗawar cin lokaci. In ka ɓare kwalin a hankali, za ka tarar da ƙwayoyin batirin litiyam irin 18650, galibi shida a kowane. Ka auna su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta nuna ƙasa da volt 2, ko ta kumbura, ko rigarta ta yage, ka ware ta. Sauran ka caja su kowace ita kaɗai har volt 4.2, kana taɓawa lokaci-lokaci. Wadda ta ɗau zafi ta fita daga lissafi. Sai ka ajiye su mako guda ka sake aunawa. Wadda ta sauko ƙasa da volt 4 tana zubar da cajinta da kanta, in ka haɗa ta da mai lafiya za ta tsotse ta.

Kada ka gaskata ƙarfin da aka rubuta wa tsohon batir. Ka ɗaura wa ƙwayar rezistans, wato abin rage gudun wuta, mai om 3.9, wat 10, wanda zai ja kusan amfiya ɗaya, ka duba agogo har ta sauko volt 3, ka cire nan take. Wadda ta wuce awa ɗaya da rabi ita ce abokiyar aiki.

Kayan haɗi: ƙwayoyi biyu a jere kai da kai, wato fulus da fulus, bayan ka tabbatar bambancinsu bai wuce volt 0.1 ba, allon caji TP4056 mai kariya, wanda ke da wuraren OUT+ da OUT- ban da B+ da B-, farantin sola mai volt 6, wat 5, ƙwan LED biyu masu wat ɗaya-ɗaya, kowane da rezistans ɗinsa mai om 3.3, da makunni. Ƙwayayen LED ɗin a manna su a kan guntun sanholo, in ba haka ba haskensu zai dushe da wuri. Wannan haɗin zai kai ka daga magariba zuwa wajen tsakar dare. Kada ka ɗora ƙarfen dalma a kan jikin ƙwayar batir, ka sayi mazauninta na roba.

Kuskure uku ke kashe wannan fitila. Na farko, a jona farantin volt 12 don shi ne a gida. Irin wannan faranti yana haura volt 20 idan ba abin da ke jan wuta a kansa, alhali TP4056 ba ya jure fiye da volt 8. Na biyu shi ne zafi, kuma nan ne Damagaram ta bambanta da abin da ka gani a bidiyon intanet. Ba a cajin batirin litiyam sama da digiri 45, ga shi a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40. Faranti ya hau soro, yana kallon kudu da karkatar kusan digiri 15, akwatin batir kuma ya zauna a ɗaki, ba ƙarƙashin kwano ba. Shi kansa allon cajin, rarar wutar da ke tsakanin faranti da batir zafi yake mai da ita. Ka cire ƙaramin rezistans mai kilo-om 1.2 da ke kansa ka sa mai kilo-om 2, cajin zai sauko daga amfiya ɗaya zuwa kusan miliamfiya 600, allon ya huta. Na uku, barin fitila a kunne ana caji. Allon yana tsayar da caji ne idan wutar da ake ja ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma na wadda aka saita masa, to in ƙwai na ja, ba zai taɓa ganin batir ya cika ba. A lokacin hazo kuma a riƙa share faranti da safe kafin ya yi zafi.

TAMBAYA: Duk abin da na liƙa da dalma yana fitowa dunƙule, ba ƙyalli, bayan kwana biyu ya saki. Kuma da hunturu transistoci na mutuwa tun ban jona su ba.
Mai karatu, Garin Malam

AMSA: Dalmar kake narkawa a bakin ƙarfe kana ɗigawa, shi ya sa. Ka dafa bakin ƙarfen a kan ƙafar kayan da tagullar allo a lokaci guda, daƙiƙa biyu, sannan ka kawo dalma ta narke a kansu. Dalma irin 60/40 tana narkewa wajen digiri 190, ƙarfen ya tsaya tsakanin 320 da 350. In bakinsa ya yi baƙi ba zai isar da zafi ba, ka goge shi a jiƙaƙƙen soso ka shafa masa sabuwar dalma. Ban da sanfefa, tana cinye rufin bakin.

Batun hunturu kuwa, abin da ke kashe transistocin tartsatsin nan ne da kake ji idan ka taɓa ƙyauren mota. Iska ta bushe, jiki na tara wuta, kuma transistoci irin MOSFET ba sa jure ta ko da kai ba ka ji komai ba. Ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke su, ka guji aiki a kan tabarmar roba, ka bar su cikin jakarsu mai ruwan azurfa sai an zo sakawa.

TAMBAYA: Maigidana malamin injiniya ne. In ya dawo daga makaranta ya yi sallar isha'i, sai ya baje wayoyi da batira a falo har dare ya raba. Ban hana shi ba, amma muna da mai rarrafe. Me ya kamata in ji tsoro?
Wata uwargida, Birni

AMSA: Uwargida, tsoronki na kan hanya, sai dai wayoyin ba su ne matsalar ba. Dalmar da ake liƙi da ita akwai gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma ƴan ɗigon da ke faɗuwa a tabarma su ne mai rarrafe ke kaiwa baki. Ya yi aikin a kan tebur, cikin babban tire mai baki, kusa da taga, ya share da jiƙaƙƙen tsumma, ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa hannu a tuwo ko ya ɗauki yaro. Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne ƙananan batira masu kama da maɓallin riga. In yaro ya haɗiye ɗaya, tana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa biyu. A tafi asibiti nan take, kada a sa shi amai. Manyan batiran kuma kowane a rufe bakinsa da salatef, kada a zuba su gwangwani ɗaya da kusoshi ko makullai, kada a bar su a caji a kwanta. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, irin na kayan ɗaki, ya isa ya raba wannan gardama. Zancen raba dare kuma, wannan tsakaninku ne.

TAMBAYA: Ni darasin zafi da sanyi nake koyarwa, ba lantarki ba. Akwai abin da zan yi a gida da kuɗi kaɗan?
Wata malama, Karkada

AMSA: Malama, naki ma ya fi araha. Ki samo randa biyu na ƙasa, irin na garin Mirya, marasa fenti, ɗaya ta shige cikin ɗaya da tazarar santimita 3 zuwa 5. Ki cika tazarar da wankakken yashi, ki jiƙa shi, ki rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara, ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Wani malami daga jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara har ya sami kyautar Rolex a 2000.

Darasin yana cikin awon. Kowane kilo na ruwan da ya bi iska yana tafiya da zafi kusan kilojul 2,400, amma sanyin yana da iyakar da danshin iska ya yanka masa. A digiri 40 da danshi kashi 15 cikin ɗari, iyakar tana wajen digiri 21, kuma randar ba za ta kai nan ba, za ta tsaya sama da shi. A Agusta, da iska ta ƙoshi da ruwa, bambancin ciki da waje sai ya kusa ɓacewa. Ki auna a Afrilu, ki sake a damina, ki ba ɗalibai su bayyana dalili. Ki riƙa auna ruwan da kike ƙarawa safe da yamma, daga nan za su lissafa zafin da aka cire. In ruwan yana da kanwa ko gishiri, farin ɓawo zai toshe kafofin randar, sai a kankare da burushi.

In kina so awon ya riƙa rubuta kansa, ƙaramin allon kwamfuta na Arduino da na'urar awon zafi DS18B20 guda biyu masu rigar ƙarfe sun isa, ɗaya ciki, ɗaya waje, da rezistans mai kilo-om 4.7 tsakanin wayar bayanai da volt 5. In kika ga awon ya nuna -127, waya ce ta saki ko an manta rezistans ɗin. In kika ga 85 daidai, ba randar ce ta tafasa ba, an karanta na'urar ne kafin ta gama awo, ki ba ta daƙiƙa ɗaya.