Tambayoyinku da Amsoshinmu: Me Ya Sa Muke Manta Abin da Muka Ajiye da Hannunmu?

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili a watan nan a kan mantuwa suka yi magana, kuma a cikin kusan kowacce akwai fargaba. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Malam, shekaruna 41, lafiyata ƙalau, amma nakan ajiye makulli ko tabarau, bayan minti biyar in neme shi sama ko ƙasa in rasa. Wani lokaci kuma nakan tashi takanas in shiga ɗaki don ɗauko wani abu, ina shiga sai in tsaya ina waige-waige, abin ya kwanta mini. Duk da haka ina tuna abubuwan da suka faru tun ina ɗan shekara goma. Shin ƙwaƙwalwata ce ta fara lalacewa? (Daga wani magidanci)

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka bayyana bai yi kama da lalacewar ƙwaƙwalwa ba. Kafin mutum ya tuna wani abu, sai abin ya bi matakai uku: ya shiga, ya zauna, sannan a iya fito da shi lokacin da ake bukata. Mutane sukan ɗora laifin mantuwa a kan mataki na biyu, suna zaton ajiyar ce ta zube, alhali yawancin mantuwar yau da kullum a ƙofar shiga take faruwa. Ka duba yadda kake dawowa gida: waya tana kunnenka, jaka tana hannun hagu, yaro ya ruƙo ƙafarka, hannun dama kuma ya sauke makullin a kan taga ba tare da ya shawarce ka ba. Hankalinka yana wurin mai magana a waya, taura biyu kuwa ba ta taunuwa, saboda haka wurin da makullin ya sauka bai taɓa shiga ƙwaƙwalwarka ba balle a ce ya fita.

Ganin abu sau dubu ma ba ya sa ya zauna idan ba a lura da shi ba. A shekarar 1979, wasu masu bincike, Raymond Nickerson da Marilyn Adams, sun nuna wa wasu Amurkawa zane 15 na kwabon senti ɗaya, kuɗin da suke juyawa a hannu kullum, suka ce su zaɓi na gaskiya, amma waɗanda suka dace ba su kai rabi ba.

Batun shiga ɗaki kuwa ya shafi wata 'yar ƙaramar ma'ajiya da ke riƙe abin da mutum yake ciki a wannan lokaci, kamar lambar waya da aka karanta maka kafin ka rubuta ta. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abu bakwai take ɗauka, ko ya ragu da biyu ko ya ƙaru da biyu, daga baya kuma Nelson Cowan ya nuna a 2001 cewa adadin ya fi kusa da huɗu. Niyyar ɗauko abu, misali almakashi, tana cikin wannan ƙunci ne, kuma duk wani sabon tunani da ya faɗo a hanya yana iya ture ta. Gabriel Radvansky na Jami'ar Notre Dame ya wallafa bincike a 2011 da ya nuna cewa ƙetare ƙofa kanta tana ƙara mantuwa fiye da yin tafiya mai tsawo ɗaya a cikin ɗaki guda, domin ƙwaƙwalwa tana ɗaukar sabon wuri a matsayin sabon babi. Sau da yawa kuma idan ka koma inda ka taso, ka ga takardar da kake son yankewa, sai abin ya faɗo maka nan take.

Akwai dalili na uku, wato cunkoso. Ka ajiye makullin nan sau dubbai a wurare masu kama da juna, don haka ajiyar yau tana cakuɗewa da ta jiya da ta shekaranjiya, ba kamar abin da ya same ka kana yaro ba, wanda sau ɗaya ya faru, ya taɓa maka zuciya, kuma ka sha ba da labarinsa. Shawarata ita ce ka keɓe wa makulli wuri ɗaya tak, idan kuma dole ta sa ka ajiye shi wani wuri, ka furta da bakinka cewa ga inda ka ajiye shi. Daƙiƙa biyun nan na furuci su ne suke jawo hankali zuwa ga abin da hannu ke yi.

Tambaya: Nakan haɗu da mutum, na san fuskarsa, na san sana'arsa, har gidansa na sani, amma sunansa yana bakina ya ƙi fitowa, sai bayan mun rabu ya faɗo mini. Wannan yana sa ni jin kunya ƙwarai. (Daga wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, wannan shaida ce cewa sunan yana nan a ajiye, hanyar isa gare shi ce ta toshe na ɗan lokaci. Roger Brown da David McNeill sun gwada wannan hali a Jami'ar Harvard a 1966, suka tarar cewa wanda kalma ta maƙale masa yakan iya faɗin harafinta na farko da yawan gaɓoɓinta. Suna ya fi sana'a wuyar kamawa saboda sana'a tana zuwa da hotuna, kafinta da katako da zarto, suna kuwa igiya ɗaya ce rak ta ɗaure shi da mai shi. Idan ya maƙale, kada ki matsa, domin wani suna mai kama da shi yakan tsaya a gaba ya tare hanya. Ki ci gaba da gaisuwa, yawanci zai iso da kansa.

Tambaya: Ina kwana ina karatu kafin jarrabawa, ina maimaita shafi har sau biyar, amma bayan mako guda kamar ban taɓa buɗe littafin ba. Ina mafita? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, kuma an auna wannan abu tun 1885. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya auna yawan wahalar da zai sake sha kafin ya dawo da su. Ya tarar cewa cikin awa ɗaya fiye da rabin aikinsa ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan kuma zubewar take lafawa. Abu mai ma'ana ba ya gudu da sauri haka, shi ya sa fahimtar darasi ta fi haddar kalmominsa daɗewa, amma salon zubewar ɗaya ne: da sauri a farko, a hankali daga baya.

Maimaita shafi yana yaudara, domin idan ido ya saba da layukan sai mutum ya ɗauka ya iya su. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun kwatanta maimaita karatu da gwada kai a 2006. Ɗaliban da suka yi ta sake karanta rubutu sun fi yin ƙoƙari da aka gwada su bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takardar suka rubuta abin da suka tuna su ne suka yi fice. Don haka ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa ko ka rubuta abin da ya zauna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Ka sake yin haka gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako.

Kwana ido biyu da kake yi shi ne ya fi damuna. A lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take sake bin abin da aka koya da rana tana ƙarfafa shi, kuma tun 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙe ta a kan wanda ya ci gaba da harkokinsa na tsawon lokaci ɗaya. Awa uku na karatu da barci mai kyau sun fi maka daren da ka raba kana gyangyaɗi a kan littafi.

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 74. Takan yi mini tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, kwanan baya kuma ta kasa gane hanyar komawa gida daga wurin da ta shekara talatin tana zuwa. Amma labarin ƙuruciyarta ba ta mance ko ɗaya ba. 'Yan'uwana sun ce tsufa ne kawai. (Daga wata 'yar'uwa)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan lura. A nan ba zan ce ki kwantar da hankali ki zauna ba, domin abin da kika bayyana ya bambanta da duk tambayoyin da suka gabata. Tsufa yakan rage saurin tunawa, amma mai mantuwar tsufa idan aka tuna masa yakan ce lallai haka ne. Wanda kuwa ba ya tuna cewa ya yi tambayar, ko ya ɓace a hanyar da ya sani, ko ya fara kasa ayyukan da ya saba kamar ƙirga kuɗi, wannan yana bukatar likita.

Riƙe labarin dā da take yi ba ya kore matsala. A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani sashe da ake kira hifokamfas, wanda aikinsa shi ne mayar da sabon abu ajiya mai ɗorewa. An fahimci haka sosai daga Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a Amurka a 1953 yana ɗan shekara 27 saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu. Har ya rasu a 2008 yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira daidai, amma wanda ya gaisa da shi ya fita, idan ya dawo bayan 'yan mintoci baƙo ne a wurinsa. Cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba a cikin cututtukan da ke kawo gigin tsufa, daga wannan yanki takan fara ɓarna, shi ya sa sabon abu ke fara ɓacewa tsohon yana nan.

Ba ina cewa ita ce ke damun Mama ba, likitan da ya duba ta ne kaɗai zai iya faɗa. Ƙarancin bitamin B12, da raunin aikin tayirod da ke maƙogwaro, da ciwon damuwa, da raunin ji, da wasu magungunan barci, duk suna iya kawo irin waɗannan alamu, kuma yawancinsu suna da magani idan an gano su da wuri. Ki raka ta da kanki, ki tafi da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu, ki rubuta lokacin da abin ya fara da misalan da kika gani da idonki. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, ko ta zo da karkacewar baki ko mutuwar hannu, kada a jira gari ya waye. Kafin ranar ganin likita, duk sa'ad da ta sake tambayar, ki amsa mata kamar yanzu ta fara yi, kada a riƙa ce mata an riga an faɗa mata, kuma a samu wanda zai riƙa raka ta idan za ta fita.