Ku riƙe zumuncin da Iya ta bari

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Iya, Ya kai haske kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce kakar mahaifiyarki ce ta rasu, kina tambayar me za ku yi bayan sadakar arba'in don kada yaranku su tashi ba su san ta ba.

Ni ma tattaɓa-kunne ce. Tamu tsohuwar, da muke kira Goggo, a wani ƙauye kusa da Ringim ta yi rayuwarta. Bayan rasuwarta, watsewar dangi ce ta fara samun mu tun kafin mantuwa. Tana raye, ba mai tsallake babbar sallah bai je gida ba. Da an gama girbi za ta ƙulla wa kowane gida kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ba direban motar kasuwa ya kai Kano. Ta san wace ce ke da juna biyu, ta san wa ke gaba da wa. Mai yaji a ɗakinta take sauka, kuma Goggo ba ta samun sukuni sai an yi biko. Da ta tafi, kowa ya zuba ido wani ya kira taro.

Don haka ku raba irin aikin nan na Iya tun yanzu. Wani ya riƙe taron sallah, wata ta riƙe zagayen barka da gaisuwar rashin lafiya. Kada ku bar shi a WhatsApp kawai, zumunta a ƙafa take.

Sannan ki je wurin tsofaffin da suka rage, ƙannenta da ƙawayenta, ki naɗi muryarsu a waya. Ba sa lissafi da shekara, sai ki tambaye su da abin da ya faru. Ina Iya take lokacin farin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule? 'Ya'ya nawa ta haifa zamanin da jirgin ƙasan Nguru ke kwasar gyaɗa zuwa Kano? Ta haka muka ji yadda Goggo ta riƙa haɗa ɗan tsakin gero da tafasa da rama ta ciyar da gida guda a wancan farin, ita kuma ta ci ƙarshe. Ki rubuta wa ya haifi wa, wa aka aurar ina.

Kalanda mai hotonta ni ban ga amfaninta ba. Hadisi ya ce aikin mamaci yana yankewa sai sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mu kuɗin muka haɗa aka gyara rijiyar unguwar su Goggo, aka kuma yi mata takwara.

Ƙawayen nan na Iya ki fara da su a wannan makon, da ɗan goro da sabulu, don su ma shekaru sun ja.