Tambayoyi da amsoshin lafiya: tumbi, ƙugu da yaran da suka fara balaga

Assalamu alaikum. Wannan karon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan yara ne 'yan shekara 12 zuwa 15 da damuwar da suke shiga saboda tumbi da ƙugu, wasu yaran ne suka rubuto da kansu wasu kuma iyayensu.

Tambaya: Likita shekarata 13, cikin shekara ɗaya ƙuguna da cinyoyina sun buɗe kayana duk sun matse ni, kuma ban ƙara cin abinci ba. Ƙiba ce ta kama ni?

Amsa: 'Yata ba ƙiba ba ce, girma ne. Mace tana fara balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma sinadarin istirojin da jikinki ya fara samarwa shi ke buɗe ƙashin ƙugu ya tara kitse a cinya da mazaunai da ƙirji. Kusan rabin nauyin da mutum zai kai idan ya girma a shekarun nan yake samunsa. Kayan ne suka yi miki kaɗan, a sauya su. Kar ki rage cin abinci.

Tambaya: Ina motsa jiki na kwanciya da tashi sau ɗari kullum don tumbina ya tafi amma shiru.

Amsa: Wannan yana ƙarfafa naman cikin ne, ba ya ƙona kitsen da ke samansa, jiki ba ya zaɓar wuri ɗaya ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 na motsa jiki kullum, gudu, ƙwallo, keke, tafiya da sauri, duk wanda ya yi maka daɗi.

Tambaya: Nankarwa ta fito min a ƙugu da cinya, shekarata 14, ƙawayena suna min dariya.

Amsa: Fata ce ta miƙe saboda saurin girma, maza ma tana fito musu a baya da kafaɗa, kuma tana dusashewa da kanta a hankali. Kar ki shafa man bilicin a kai, yawancinsu suna sa fata ta yi siriri nankarwar ta ƙaru. Idan layukan masu faɗi ne sosai kuma fuska tana kumbura, wannan kam a ga likita.

Tambaya: Likita ni uwa ce. 'Yata shekararta 14, da tana da ɗan jiki ana tsokanarta a makaranta da mai tumbi. Wata shida ke nan ta daina karyawa, da dare ma sai ta ce ta ƙoshi, tana shan shayin rage ƙiba da ta gani a waya. Ta rame har mutane suna yaba ta, amma al'adarta ta ɗauke wata huɗu, gashinta na zuba, kullum tana jin sanyi, kuma har yanzu tana cewa tana da tumbi. Shayin dai na ganye ne ba magani ba, shi ya sa na ƙyale ta. Me zan ba ta al'adar ta dawo?

Amsa: Hajiya wannan tambayar ita ta fi tayar min da hankali cikin duka, dan Allah ki karanta a natse. Kafin komai ki kai yarinyar nan asibiti cikin makon nan, kar ki jira hutun makaranta kar ki jira ta yarda cewa ba ta da lafiya, domin ba za ta yarda ba, rashin yardar ma yana cikin ciwon.

Abin da kika lissafo, rama da gangan, tsoron abinci, ganin kanta da ƙiba alhali ta rame, ɗaukewar al'ada, zubar gashi, jin sanyi, duk alamomin ciwon da muke kira anoreksiya ne. Ciwo ne na gaske da ya haɗa ƙwaƙwalwa da jiki, ba iyayi ba ne ba taurin kai ba ne, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Al'adar ba lalacewa ta yi ba, jiki ne ya ga abinci bai ishe shi ba sai ƙwaƙwalwa ta rufe abin da za a iya rayuwa babu shi don ta tanadi ƙarfi ga zuciya da numfashi. Shi ya sa babu ƙwayar da zan ce ki ba ta, ko an ba ta ƙwaya ta ga jini matsalar tana nan. Abinci da dawowar nauyi su ke dawo da al'ada. Kuma idan istirojin ya yi ƙasa ƙashi yana raunana, a shekarun nan ne kuwa ake tara wani babban kaso na ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi har tsufa, wanda aka rasa yanzu ba lallai ya dawo duka ba.

Sai maganar shayin. Wallahi na gaji da jin "ai na ganye ne". Taba ma ganye ce. Da yawa daga shayin nan filasko ne a ciki ko wani abin da ke sa zawo ko yawan fitsari. Abinci a ƙaramin hanji jiki ke tsotse amfaninsa, filasko kuwa a babban hanji yake aiki bayan an riga an gama tsotsewa, kenan ko ɗigon kitse ba ya fitarwa, ruwa ne da gishirin jiki suke tafiya. Sikeli ya nuna ta ragu, ciki ya lafe na kwana ɗaya, ta sha ruwa ya dawo, sai ta ƙara yawan shayin. Cikin abin da zawon ke kwashewa akwai fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, idan ya yi ƙasa sosai zuciya tana iya rikicewa ta tsaya, kuma wannan yana faruwa da yarinyar da jiya aka gan ta tana tafiya lafiya lau. Bayan haka hukumomin kula da magunguna sun sha gano sibutiramin a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta na ganye ne, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ba a rubuta shi a jikin kwalin, ba yadda za ki sani.

A asibiti ki faɗi komai kar ki ɓoye, ki tafi da kwalin shayin. Za su auna nauyi da tsayi da bugun zuciya da hawan jini a kwance da a tsaye, su duba gishirin jini, su kuma tabbatar ba wani ciwon ne ya kawo ramar ba. Ki lura ko tana shiga banɗaki da zarar ta gama cin abinci, wasu yaran suna sa yatsa su yi amai. Idan ta suma, ko jiri ya hana ta tsayuwa, ko ta ce zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko ta ƙi cin komai gaba ɗaya, ko ta fara maganar gara ta mutu, a ranar za a kai ta ko da tsakar dare ne.

A gida kuma ban ce a yi mata ɗura ba, wanda ya daɗe da yunwa idan aka cika masa ciki lokaci ɗaya gishirin jininsa yana iya rikicewa ya zama haɗari, shi ya sa likita ne zai tsara yadda za a ƙara abincin. Naki shi ne ki zauna ki ci tare da ita, ba faɗa ba duka ba gori. Ki ɗauke sikeli. Masu yaba ramar nan ki ja su gefe ki roƙe su su daina, duk "kin yi kyau da kika rame" ƙara wa ciwon ƙarfi yake. Ki je makaranta a yi maganar masu tsokana. Ki kuma duba abin da take kallo a waya, a 2021 jaridar Wall Street Journal ta fitar da binciken cikin gida na kamfanin Facebook inda kashi 32 cikin ɗari na 'yan matan da aka tambaya suka ce idan suna jin haushin jikinsu Instagram yana ƙara musu. Hotunan nan ana gyara su, ana matse ƙugu da manhaja, ita kuma tana auna kanta da su. Kar ki zargi kanki Hajiya, kin lura kin kuma tambaya, kuma yaran da aka fara yi wa magani da wuri tare da iyayensu su suka fi warkewa. Amma fa a je asibiti, ina ƙara nanatawa.

Tambaya: Ƙanwata 'yar shekara 12 tana kwana da bel ɗin matse ciki wai don ƙugunta ya yi siriri.

Amsa: A cire shi yau. Ba ya narkar da kitse, zufar da take yi ruwa ne kawai, yana hana huhu buɗewa sosai, yana tura abinci sama ya sa ƙwannafi, yana kawo ƙuraje. Yarinyar da jikinta bai gama ginuwa ba a ɗaure ta har cikin barci, haba dan Allah. Ki tambaye ta a hankali wa ya ce mata cikinta yana da matsala, ki kuma sa ido a kan cin abincinta, idan ta fara tsallakewa a kai ta ga likita.

Tambaya: Ni namiji ne shekarata 13, nonona ya kumbura yana ɗan zafi, ina jin kunyar cire riga.

Amsa: Ɗana kwantar da hankalinka, kusan rabin samari suna yin haka lokacin balaga kuma yana bajewa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Kar ka matsa kar ka ɗaure. Idan yana girma da sauri, ko ruwa na fita, ko ya wuce shekara 2, ka ga likita.

Tambaya: 'Yata siririya ce shekararta 15, ƙawarta ta ba ta ƙwayar deksa wai tana sa ƙiba da ƙugu, ta yi wata biyu tana sha.

Amsa: Innalillahi. Deksa, wato deksametason, magani ne mai ƙarfi da muke bayarwa da lissafi don cututtuka na musamman. Ƙibar da yake sawa ta ciwo ce, fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance, ƙugun da ake nema ma ba ya zuwa. Yana kawo ciwon suga da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana tsayar da tsayin yaro. Amma ki ji da kyau, bayan wata biyu kar ta daina lokaci ɗaya, jikinta ya rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na ƙwayar, yankewa kwatsam na iya sa jini ya faɗi ta galabaita. Ki kai ta asibiti da ragowar ƙwayar a rage mata a hankali, kar a wuce gobe.

Tambaya: Ni uba ne, ɗana shekara 14 tumbinsa ya fito sosai, wuyansa ya yi baƙi kamar dauɗa ko an cuɗa ba ya fita. Ta yaya zan san ƙibar ta yi yawa?

Amsa: Malam ka auna zagayen cikinsa ta wajen cibiya, ya kamata ya gaza rabin tsayinsa, mai tsayin santimita 160 kada ya kai 80. Lissafin nauyi na manya ba ya aiki ga yara, akwai jadawalin da ake duba shekaru da jinsi a asibiti. Baƙin wuyan nan ba dauɗa ba ne a daina cuɗa shi, sau da yawa alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, don haka a je a auna masa suga da hawan jini. Kar a sa shi yunwa kar a ware masa kwano daban, gidan gaba ɗaya ne zai rage lemun kwalba da kayan zaƙi, a ƙara ganye da 'ya'yan itace, ya samu barcin awa 8 zuwa 10, ku riƙa fita tafiya tare. Yaron da ke kan girma sau da yawa ya isa nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya tsayi ya cim masa. Kuma kar a kira shi da sunan tumbi ko da wasa, maza ma suna kamuwa da ciwon ƙin abinci. Gwajin sugan nan dai a yi shi cikin watan nan.