Baba Fasto, wai tukunyar takiya rashin bangaskiya ce?

TAMBAYA: Salama Baba Fasto. Ni 'yar Filato ce, aure ya kawo ni Gadarif a ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane ke ta kwararowa nan, na Khartum, daga baya na Madani da Sinja, sai ni da maƙwabtana Hausawa Musulmi muka shiga girki a takiyar unguwa, wato wurin da ake dafa wa mabukata abinci kyauta, adas ne (wani irin wake) da balila (dafaffen hatsi), abin da ya samu dai. To akwai wani a gurup ɗin addu'armu na WhatsApp da suke kira annabi, ya ce Sudan ba tukunya take buƙata ba, gwiwa take buƙata, wai ni Marta ce ba Maryamu ba, in bar girki in shiga azumin kwana 21. Har ya ce mai bangaskiya ba ya tsoron kwalara, a shafa man da ya yi wa addu'a ya isa. Baba na kasa barci, ko ina saɓa wa Allah ne ban sani ba?

AMSA: 'Yata salama, ki yi barcinki. Ba ki saɓa wa kowa ba sai wannan mutumin, shi kuwa saɓa masa lada ne.

Zancen Marta mai hidima da Maryamu da ta zauna tana sauraron Yesu ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ki buɗe Luka sura 10 ki ga abin da ya zo daf kafin labarin nan, ai misalin Basamariye ne, wanda ya sauka daga kan dabbarsa ya ɗaure raunukan mutum ya kuma biya kuɗin masauki, su firist da Balawi masu ibada ne suka ratse suka wuce. Laifin Marta damuwa ce da ƙorafi a kan 'yar'uwarta, Yesu bai ce a kashe murhu ba. Sura ɗaya ce, ba a karanta rabinta.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan koyarwar da nake karo da ita kullum, cewa wai in ka motsa hannu ka nuna ba ka dogara ga Allah ba, wai addu'a da aiki kishiyoyi ne, in ɗaya ta shigo ɗaki dole ɗaya ta fita. Daga ina suka samo ta? Nehemiya da abokan gaba suka taso wa ginin garun Urushalima cewa ya yi mun yi addu'a ga Allahnmu, mun kuma sa masu tsaro dare da rana, duk a aya guda, 4:9. Musa a bakin teku yana ta kuka, Allah ya ce masa kukan me kake yi mini, faɗa wa jama'a su yi gaba. Sarki Hezekiya ya yi addu'a har da hawaye, Allah ya amsa, duk da haka annabi Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a manna masa a marurun, to annabin gaske ke nan ya rubuta magani. Kuma wanda ya fara cewa ka faɗa daga kan haikali mala'iku za su tare ka ai Shaiɗan ne, kin san amsar da aka ba shi, kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Duk wanda ya ce ki sha ruwan da ba a dafa ba don ki nuna bangaskiya, wannan gwajin yake sake kawo miki.

Kwalara fa ba ta jiran a gama kwanan addu'a. Ta shiga Kasala da Gadarif a 2024 kin gani da idonki, tana iya tsotse babban mutum cikin sa'o'i kaɗan balle yaro. Da an ga gudawa tsululu fara-fara, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take, in babu fakitin ORS a haɗa a gida: lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe bakinsa, rabin wannan ƙaramin cokalin na gishiri, a dinga kurɓa masa ana kan hanyar asibiti. Ki yi addu'a da bakinki hannunki yana damawa, wa ya hana? Na taɓa zuwa gaisuwar yaron da aka yi ta shafa wa mai a goshi tun dare har asuba, uwar tana riƙe da kwalbar ba ta sake ta ba har muka tashi, shi mai man kuwa ya kashe waya. Irin waɗannan annabawan na lura da su, ba sa cewa a tura musu baiko ta hanyar addu'a, nan kam lambar asusu suke turowa.

Ki dubi ƙasar da kike zaune ma. Yaƙin farko na kudu ya ci shekara 17, Kiristoci sun yi ta roƙon Allah, amma abin da ya tsayar da shi a 1972 yarjejeniyar Addis Ababa ce, kuma Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da ta Afirka ne suka yi ta zirga-zirga tsakanin gwamnatin Numeiri da 'yan tawayen Anyanya har suka zauna, wani limamin coci ɗan Laberiya, Burgess Carr, shi ya jagoranci zaman. An samu sauƙi na shekara goma sha ɗaya kafin abin ya sake lalacewa a 1983. A Wunlit a 1999 majalisar ikilisiyoyin kudu ta tara sarakunan ƙabilun Dinka da Nuer, aka yi sujada, aka kuma zauna kwana da kwanaki ana maganar shanun da aka sace da mata da yaran da aka kwashe da wuraren kiwo. A duwatsun Nuba akwai likita ɗan Katolika daga Amurka, Tom Catena, yana asibitin Gidel tun 2008, da jirage suka yi ta ruwan bama-bamai bai gudu ba, mutum ne mai ibada sosai amma ban taɓa jin ya ajiye wuƙar tiyata ya ce a shafa mai ba. Hatta Paparoma Francis da ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun Salva Kiir da Riek Machar, shugabannin Sudan ta Kudu masu gaba da juna, a 2019, duniya ta girgiza, amma durƙuson bai kafa gwamnatin haɗin kai ba sai da aka ci gaba da jan-in-ja har 2020.

Kada kuma ki ji ni ki ce Baba ya ce a bar addu'a, a'a. Masu aikin taimako da suka yar da ita na gansu, wata shida sun zama masu tsawa ga mabukata, suna lissafin wanda bai gode ba. Addu'a ce ke sa ki zuba wa wanda kika san ɗansa na riƙe da bindiga a ɗaya ɓangaren daidai da kowa. A Ayyukan Manzanni 6 da rikicin rabon abincin gwauraye ya tashi, manzanni ba su soke rabon ba, mutum bakwai suka sa aka zaɓa, kuma sharaɗin shi ne su zama cike da Ruhu da hikima, don riƙe ludayi kawai fa.

Azumi kuwa in kina so ki yi, amma ki fara karanta Ishaya 58, inda Allah ya ce azumin da ya zaɓa shi ne ka raba abincinka da mayunwaci ka shigo da marar gida cikin gidanka. Kwana 21 babu ruwa a zafin Gadarif kina tsaye gaban wuta, wannan ban yarda miki ba ko kwana biyu, in kina shayarwa ko kina da ciwon suga ma kada ki soma sai kin ga likita. Ki ɗauki yini ɗaya a mako in kina iyawa. Ku sa bokitin ruwa da sabulu a bakin layi, ku nemi ƙwayar kulorin wajen ma'aikatan lafiya don ruwan sha, kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta manhajar banki ta Bankak kuma mutum biyu su dinga rubutawa a littafi, Musulma ɗaya Kirista ɗaya, don bakin mutane. Gurup ɗin nan ki fita daga ciki, amma kafin ki fita ki tura musu yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.