Shin In Saya Wa Ɗana Keken Koyon Tafiya?

Tambaya: Ɗana mai larurar Down ya cika wata 13, yana zama amma bai fara rarrafe ba. Wasu sun ce in saya masa keken koyon tafiya, wasu kuma takalmi mai tauri. Wanne ya fi?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki sayi keken. Yara masu larurar Down, wato waɗanda aka haifa da ƙarin kromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 21, tsokarsu sakwa-sakwa take, jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓinsu kuma suna miƙewa fiye da kima, shi ya sa galibinsu sai wajen shekara 2 suke fara tafiya, wasu ma su haura 3. Saboda haka ɗanki bai makara ba. Abin da ya fi cancantar ki sa wa ido shi ne yadda yake motsawa. Ki lura da shi idan zai tashi zaune daga rub-da-ciki: da yawansu sukan ware ƙafafu gaba ɗaya su tura jiki sama, maimakon su juya ta gefe su dogara da hannu. Idan an tsayar da su kuma, sukan ƙame gwiwa su buɗe ƙafafu. Waɗannan dabaru suna biya wa yaro buƙata a yau, amma idan suka zama jiki, shi ke nan ya saba kauce wa aikin da zai ƙarfafa tsokar cikinsa da ƙugunsa.

Keken yana ɗauke wa yaro wannan aikin ne, domin yana rataye a kujera yana tura ƙasa da 'yan yatsu, bai ɗauki nauyin kansa ba, bai koyi daidaita jiki ba. Ga kuma haɗarin faɗowa daga matakala, wanda ya sa Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Da kuɗin keken, gara ki sayi shimfiɗa mai ɗan tauri wadda ba ta santsi, ki riƙa kifa shi a kanta idonsa biyu, kina ajiye abin wasa ta gefensa don ya karkata ya miƙa hannu. Sauran kuɗin ki kai shi wurin likitan gashin ƙashi na yara. Da yake kusan rabin waɗannan yaran ana haihuwarsu da matsalar zuciya, ki sanar da likita idan yana haki ko gumi a lokacin wasa. Takalmi kuwa ya jira sai ya fara takawa, kuma likita ne zai duba ko tafin ƙafarsa yana buƙatar tallafi.

Tambaya: Na ji ana ɗora jarirai a kan injin tafiya, wato mai belin da ke juyawa a ƙarƙashin ƙafa. In saya wa 'yata?

Amsa: Malam, maganar tana da tushe. A binciken da Dale Ulrich da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2001, jarirai masu larurar Down da iyayensu suka riƙe a kan ƙaramin injin na minti 8 a rana, kwana 5 a mako, sun riga sauran fara tafiya da kimanin wata 3. Sai dai injin na jarirai ne, mai tafiya a hankali ƙwarai, kuma ƙwararru ne suka koya wa iyayen riƙon. Na manya bai dace ba, don belinsa yana iya cafke yatsun yarinya. Ka fara tambayar likitan da ke duba ta kafin ka kashe kuɗi.